Tuƙi a Hunturun Kanada: Tambayoyi da Amsoshi kan Taya, Titi da Lafiyar Direba a Bakin Aiki

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, ganyen itatuwa ya fara zuba, sai wayata ta cika da tambayoyin 'yan uwa sababbin zuwa Kanada, musamman waɗanda aikin farko da Allah ya hore musu na tuƙi ne, ko kai saƙo gida-gida, ko tasi, ko babbar mota. Yawancinsu ba baƙin sitiyari ba ne, domin akwai wanda ya shekara goma yana zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Sai dai hunturun da muka taso muka sani na iska ne da ƙura da kaushi, kwalta kuwa tana nan a bushe, alhali na nan yana sauya halin roba da iskar cikin taya da titin kansa, har da jikin direban. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, tare da amsar da nake bayarwa.

Tayoyin motata sababbi ne fil. Me zai sa in sake sayen wasu na hunturu?

Domin sabuntar taya daban, dacewarta da yanayi daban. Robar da ake yin taya ta yau da kullum da ita tana fara sandarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, kuma tayar da ta sandare ba ta kama titi yadda ya kamata ko da babu ɗigon ƙanƙara a kansa. Ita kuwa ta hunturu an haɗa robarta ne yadda za ta ci gaba da laushi cikin tsananin sanyi, an zurfafa zanenta, sannan an yi mata ɗaruruwan ƙananan tsage-tsage waɗanda ke buɗewa su ciji ƙanƙara yayin da tayar ke juyawa. Yana da kyau direba ya tuna cewa abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta wannan ɗan wurin suke bi kafin su yi aiki.

Ana gane tayar hunturu ta gaskiya da wata alama a gefenta, wato hoton tsauni mai tsini uku da furen dusar ƙanƙara a cikinsa, wadda ke nuna cewa an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ta kuma ci jarrabawar. Akwai wata alamar ta haruffa, M+S, da ake gani a jikin yawancin tayoyin da aka ce na kowane yanayi ne, amma ita tana magana ne a kan fasalin zanen kawai, ba ta shaidar wani gwaji.

Motata mai jan ƙafa huɗu ce. Wannan bai wadatar ba? Kuma ba zan iya sa biyu kawai a gaba ba?

Jan ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi daga tsaye, ba ya taimaka mata ta tsaya, kuma shi ya sa da yawa daga cikin motocin da ake gani a rami da safiyar dusar farko manyan jifa-jifai ne da masu su suka amince da su fiye da kima. Batun sa biyu kuwa, hukumar sufuri ta Kanada tana ba da shawarar a sa huɗun gaba ɗaya. Idan na gaba suna kama titi na baya ba sa kamawa, da ka shiga kwana sai bayan motar ya kwaɗo ya wuce gabanta, ka tsinci kanka kana fuskantar inda ka fito.

Doka ce ta tilasta, ko shawara ce kawai?

Ya danganta da lardin da kake. A Kebek doka ce tun 2008, kuma tun daga 2019 wa'adin ya koma daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, inda ake buƙatar ƙananan motocin da aka yi wa rajista a lardin, har da tasi da motocin haya, su kasance da tayar hunturu, wanda aka kama kuma tararsa dala 200 zuwa 300 ce. A Biritish Kolombiya dokar ta shafi hanyoyi ne ba motoci ba: yawancin manyan hanyoyin lardin, musamman masu ratsa tsaunuka kamar ta Kokihala, suna buƙatar tayar hunturu daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, wasu kuma zuwa 31 ga Maris, da zane mai zurfin aƙalla milimita 3.5, manyan motocin kaya kuma dole su riƙe sarƙar ɗaura wa taya. Can sun yarda da alamar M+S a matsayin mafi ƙarancin abin da za a karɓa, ko da yake wanda ya taɓa gangarowa daga waɗannan tsaunuka a watan Janairu ba zai ba ka shawarar tsayawa a mafi ƙaranci ba.

A Ontariyo, inda mafi yawan mutanenmu suke, babu tilas, amma tun 2016 an wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga mai tayar hunturu, don haka ka kira naka ka sanar da shi, ba zai rage maka da kansa ba. Akwai kuma tayoyi masu ƙananan ƙusoshin ƙarfe a jiki saboda ƙanƙara mai sulɓi. Kebek ta yarda da su daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, amma mazauna kudancin Ontariyo, wato su Toronto da kewaye, ba a ba su izinin sa su ba, saboda suna cin kwalta.

Yaushe ya kamata in sauya?

Kada ka jira dusar farko, domin ranar kowa zai tuna, garejin da ke karɓar mota nan take kuma sai ya ba ka layin mako biyu. Da zarar ka ga safiya tana wayewa ƙasa da digiri 7 kwanaki a jere, lokaci ya yi, wanda a yawancin garuruwa yakan faɗo ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Bayan an ɗaura, ka koma a sake matse notinan idan ka yi tafiyar kilomita 80 zuwa 100, saboda sukan ɗan saki bayan ƙarfen ya zauna.

Fitilar iskar taya tana kamawa duk safiyar da sanyi ya tsananta, alhali babu huji. Mene ne dalili?

Iska tana tsukewa cikin sanyi. Duk saukar digiri 5 zuwa 6 tana rage wa taya kimanin psi ɗaya (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), saboda haka tayar da aka cika cikin gareji mai ɗumi na digiri 20, idan ta kwana a waje cikin digiri 15 ƙasa da sifiri, za ta wayi gari ta rasa kusan psi 6 ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. A gida mun saba mai faci ya buga taya da ƙafa ko ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya ce ta yi, amma a nan ya kamata kowane direba ya mallaki gejinsa na aljihu, ya riƙa aunawa aƙalla sau ɗaya a wata, da safe kafin motar ta yi tafiya, har da safaya. Adadin da za ka bi shi ne wanda ke rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ce ma'aunin motarka ba.

Za ka ji masu cewa a rage iska don taya ta baje ta kama dusa. A kan titi wannan kuskure ne, domin tayar da ta yi sako-sako zanenta yana tsukewa a tsakiya, gefunanta suna cinyewa, motar ba ta bin sitiyari da sauri, ga kuma ƙarin shan mai.

Kuɗina ba su kai na sababbi ba. Zan iya sayen na hannu?

Za ka iya, kuma ni ma da su na fara, amma da sharaɗin duba abu uku kafin ka biya. Na farko shekarunta: a gefen kowace taya akwai jerin lambobi da ke farawa da haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne makon da shekarar da aka yi ta, ta yadda 3521 ke nufin mako na 35 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, kuma masu ƙera taya da dama suna cewa a riƙa bincikarta duk shekara idan ta wuce biyar, a kuma ajiye ta idan ta kai goma komai kyan fuskarta. Na biyu zurfin zane. Doka tana barin taya har sai ta suɗe zuwa kusan milimita ɗaya da rabi, amma don dusar ƙanƙara shawarar hukumar sufuri ita ce kada ya gaza milimita 4. Mutanen nan suna da wata dabara da tsabar kwatar dala mai hoton barewar arewacinsu: ka cusa ta cikin zanen, hancin barewar yana ƙasa, idan kan hancin ya fito fili to zanen ya yi kaɗan ga dusa mai zurfi. Na uku ka shafa gefen tayar ciki da waje ka nemi kumburi ko tsagewa ko facin da aka yi a gefe, domin facin gefe ba ya riƙewa. Wanda ya ce maka ka zo da dare a yi ciniki a bakin garejinsa, ka tafi da tocila.

Mene ne baƙar ƙanƙara, kuma me zan yi idan mota ta fara sulɓewa?

Wani siririn shimfiɗin ƙanƙara ne mai haske kamar gilashi, wanda ake hango baƙin kwalta ta cikinsa, sai direba ya ɗauka jiƙa ce kawai. Ta fi samuwa da asuba, da kan gadoji, da wuraren da inuwar gini ko itatuwa ke rufewa. Gada tana riga titi daskarewa ne saboda iska mai sanyi tana bi ta samanta da ƙarƙashinta. Gishirin da ake watsawa ma yana da iyaka, domin ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri, saboda haka ganin motar gishiri ta wuce ba hujjar sakin jiki ba ce.

A hunturuna na farko, wata asuba ina kan hanyar aiki, na hau wata gada da gudun da bai kai na doka ba, sai na ji ƙarar taya ta ɗauke ɗif, sitiyarin ya yi sakayau a hannuna kamar an cire shi daga jikin motar. Abin da ƙafata ta sani tun daga gida shi ne ta danna birki, na kuwa danna, bayan motar ya kwaɗa, na tsaya a karkace hancina na kallon ƙarfen gefen gada da tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba. Allah ya sa babu kowa a bayana. Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗage ƙafa daga totur a hankali, in kafa ido a inda nake son zuwa ba inda nake tsoro ba, in juya sitiyari can sannu-sannu, in bar tayoyin su sake kama ƙasa da kansu. Idan tsayawar ta zama dole kuma motar tana da birkin ABS, wato mai hana taya kullewa, a danna shi da ƙarfi a riƙe, kada a riƙa ɗagawa ana mayarwa, rawar da za ka ji a ƙarƙashin ƙafa kuma alamar yana aiki ce. A kashe na'urar riƙe gudu a kan titi mai santsi, a ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba, a kuma share dusar da ke kan rufin mota da fitilu gaba ɗaya kafin a tashi, ba ɗan ramin leƙe a gilashin gaba kawai ba. Motar share titi kuwa a bi bayanta da haƙuri, domin titin da ke gabanta ya fi wanda ke bayanta muni.

Idan guguwar dusa ta rutsa ni na maƙale a hanya fa?

Wannan ba sai a daji yake faruwa ba. A daren 14 ga Maris na 2017 motoci kusan 300 suka kwana a maƙale a kan babbar hanya mai lamba 13 a Montiriyal, cikin birni, wasu man su ya ƙare tun tsakar dare. Ƙa'idar ita ce ka zauna cikin motarka sai dai idan kana ganin mafaka kusa, ka kunna fitilar haɗari, ka riƙa tayar da inji kimanin minti goma a kowace awa don ɗumi. Kafin kowace kunnawa ka fita ka tabbatar dusa ba ta toshe bakin salansa ba, ka kuma ɗan sassauta gilashi, saboda hayaƙin da ke komowa cikin mota yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana sa barci, wanda ya yi barcin kuma ba lallai ya farka ba. Kada tankinka ya sauka ƙasa da rabi duk tsawon hunturu. A but ɗinka a samu bargo, da ƙaramin shebur, da magogin ƙanƙara, da wayar haɗa batir, da tocila, da ruwan wanke gilashi mai jure digiri 40 ƙasa da sifiri, da ɗan abin taunawa kamar dabino. Kafin doguwar tafiya a duba halin hanya ta lambar 511, wadda yawancin larduna ke amfani da ita.

Motar ta kamfani ce kuma tayoyinta sun suɗe. Ina da ikon cewa ba zan fita da ita ba?

Kana da shi, kuma a nan ne na fi ganin mutanenmu suna cutar kansu, saboda mun taso da kunyar mai gida da tsoron kada a ce sabon zuwa ya cika ƙorafi. A dokar Kanada motar da kake tuƙawa don aiki wurin aiki ce, kamar yadda masana'anta take. Dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta Ontariyo, wadda ta fara aiki a 1979, ta ba ma'aikaci haƙƙi uku: ya san haɗarin da ke cikin aikinsa, a dama da shi wajen maganinsa, ya kuma ƙi aikin da yake da dalilin ganin zai jefa shi ko wani cikin haɗari, kuma an hana mai aiki ya hukunta shi a kan haka. Sauran larduna suna da irinta, direbobin manyan motoci masu tsallaka larduna kuma suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta tarayya. Ba a sama aka samu waɗannan dokoki ba. A ranar 9 ga Mayu na 1992 mahaƙar kwal ta Westray da ke Noba Skoshiya ta fashe ta kashe ma'aikata 26, kuma sanadiyyar haka aka gyara dokar manyan laifuka a 2004, yadda duk mai ba da umarni a wurin aiki zai iya fuskantar tuhuma idan ya yi sakaci da rayukan na ƙasa da shi.

Yadda ake yi shi ne ka sanar da shugabanka nan take, ka faɗi dalilinka a fili, zai fi kyau a rubuce tare da hoton tayar, ka kuma tsaya a wurin aiki har a bincika, ba ka yi fushi ka tafi gida ba. Na taɓa aiki da wani kamfanin kai kaya inda aka ba ni motar da tayarta ta baya ta yi sumul kamar tafin hannu a tsakiyar Janairu. Na yi kwana biyu ina fita da ita ina addu'a, sai a rana ta uku wani dattijon direba ya ja ni gefe ya ce in rubuta a takardar binciken safe in sa hannu. Kafin azahar an sauya tayoyin, kuma babu wanda ya ɗaga mini murya. Sai dai masu aiki da motarsu ta hanyar manhajar waya su sani cewa galibi ana lissafa su a matsayin masu zaman kansu, don haka taya da gyara da inshorar da ta yarda da aikin haya duk a wuyansu suke.

Ban da haɗarin mota, me ya fi raunata direbobi a wannan lokaci?

Faɗuwa. Direban da ya tuƙa kilomita ɗari biyar lafiya yakan karya ƙugu ko wuyan hannu a taku biyun da ke tsakanin ƙofar mota da ƙasa. Wajen hawa da sauka daga babbar mota a fuskanci motar, a tabbatar gaɓoɓi uku suna riƙe da wani abu a kowane lokaci, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, kuma kada a yi tsalle. A sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙa gajeren taku, kada a ɗauki kayan da zai rufe ganin gaba.

Sai sanyin kansa. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 zuwa 39 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kuma yatsu da kunne da hanci ne ke fara mutuwa, su yi fari ko toka-toka. Kada a murza wurin ko a kanga shi a wuta, a ɗumama shi a hankali da ruwa mai ɗumi ko da ɗumin jiki. Wanda ya yi alwala ya tsane hannunsa sarai kafin ya fita, domin jiƙaƙƙen hannu yana mannewa a ƙarfe. Gajiya ma tana ƙaruwa, tunda a watan Disamba rana tana faɗuwa a Toronto kafin ƙarfe biyar na yamma, ga hita tana hura ɗumi mai kawo gyangyaɗi. Dokar tarayya ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 13 na tuƙi a yini a kudancin ƙasar, wannan kuwa iyaka ce, ba adadin da dole sai an cike ba. Duk raunin da aka ji a bakin aiki a kai rahotonsa ranar, komai ƙanƙantarsa, domin a Ontariyo wata shida ne wa'adin shigar da neman diyya a hukumar inshorar raunin ma'aikata ta lardin, wato WSIB, kuma raunin da ba a rubuta ba yana da wuyar kafa hujja daga baya.

Na samu aiki a shagon taya. Me zan kiyaye?

Watannin Oktoba da Nuwamba ne kakar wannan sana'a, kuma gaggawa ce ke kawo yawancin raunukan. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita sai an kafa mata matokaran ƙarfe. Tayar babbar mota a hura ta cikin kejin ƙarfe da dogon tiyo, kana tsaye nesa da ita, ba saitin gefen tayar ba, domin idan ta fashe ƙarfinta yana iya kisa. Noti kuma a ƙarasa matse shi da sifana mai ma'auni daidai adadin da mai ƙera motar ya rubuta, bayan an kankare tsatsar da gishiri ya bari a fuskar ƙarfen. A Ontariyo idan taya ta fice daga motar kasuwanci a kan titi, tarar tana kamawa daga dala 2,000 zuwa 50,000, kuma kotu ba ta karɓar uzurin cewa an yi iya ƙoƙari.

Idan sanyi ya wuce zan iya barin tayoyin hunturu a jikin motar? Idan kuma zan aika motar gida fa?

A cire su da zarar yanayi ya zauna sama da digiri 7, saboda laushin da ya sa suke aiki a sanyi shi ne ke sa su cinye da wuri a kan kwalta mai zafi, birkinsu kuma ya ja nisa. A wanke gishirin jikinsu, a rubuta wa kowace gefen da ta fito da alli, a ajiye su a wuri mai sanyi da duhu nesa da injin ɗumama gida. Masu aika mota Najeriya ko Nijar kuwa su sauya tayoyin kafin a loda ta a jirgi, haka ma mai sayen tayar gwanjo a Kano ko Maraɗi ya duba gefenta. Idan ya ga hoton tsauni mai tsini uku da furen dusar ƙanƙara, to an yi ta ne don titin da ke daskarewa, kuma zurfin zanen da ya burge shi ba zai daɗe a kan hanyar Sakkwato cikin zafin watan Afrilu ba.